Daga Jinka Zuwa Kwantena: Tarihin Ginin da Ake Ɗauka a Kai Shi Mazauninsa

Idan ka taɓa bin hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu, ka tsaya a Babaldu ko ka karkata zuwa Gwaram, to ka riga ka ga abin da za mu tattauna a kai, ko da ba ka kula ba. A bakin titi ga kes ɗin mai POS, ga kwantenar mai kemis, ga rumfar mai shayi, ga ɗan ɗakin ƙarfe da aka kulle janareta a ciki. Wata rana ma za ka ci karo da shago sukutum a bayan a-kori-kura ko a kan amalanken shanu, ana tafiya da shi wani gari. Abu ɗaya ne ya haɗa waɗannan duka: a wani wuri aka ƙera su, wajen mai walda ko kafinta, sannan aka ɗauko aka ajiye inda ka gan su.

Masu ilimin gine-gine suna da suna na musamman da suke kiran wannan tsari. Mu a nan bari mu kira shi ginin harhaɗawa, wato a ƙera sassan gini ko ginin gaba ɗaya a wani wuri, a kawo shi a kafa. Da yawanmu muna ɗaukarsa baƙon abu, wanda ya zo tare da Turawa ko tare da kwantena. Amma idan ka bi tarihin za ka tarar dabarar ta daɗe a hannun kakanninmu. Abin da ya zo daga waje shi ne ƙarfe. Ƙarfen ya magance mana matsaloli na gaske, ya kuma kawo wasu sababbi da har yau mai ƙaramin jari ne ke biyan kuɗinsu.

Karin maganar da ta adana tarihi

Ka san karin maganar nan da ake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna faɗinta a wajen biki da gayya da taron siyasa, amma ka taɓa tambayar kanka me ya sa ake ɗaukar jinka tun farko? Amsar ita ce a ƙasa ake haɗa ta.

Ga yadda aikin yake. Bayan an tayar da bangon ɗaki zagayayye, sai a auna faɗinsa, a koma gefe a fili a haɗa tsaiko, wato ƙashin rufin. Ana jera sanduna ko gora ko kara su haɗu a tsini ɗaya a sama, a zagaye su da tanka ana ɗaurewa da igiya daga ƙasa har zuwa ƙololuwa. A wani gefen kuma an riga an yanta ciyawa, an jera shuci an ɗaure shi ya zama doguwar shimfiɗa da ake naɗewa kamar tabarma. Wasu su baibaye tsaikon tun yana ƙasa, wasu kuma sai an ɗora shi. Ko ta wace hanya aka bi, ranar ɗorawa sai an kira maƙwabta. Maza su zagaye shi, a ɗaga a lokaci guda, a tafi da shi a aza bisa bango.

Ka duba hikimar da ke ciki. Mai aiki a ƙasa ba ya tsoron faɗowa, hannunsa yana kaiwa ko'ina, kuma yana ganin inda ya karkace ya gyara. Ana iya ginin bango da haɗa rufi a lokaci ɗaya, ba sai wannan ya jira wancan ba. Ciyawa kuma ana yankarta da kaka, a yanta ta da rani lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Waɗannan dalilai uku, wato sauƙin aiki a ƙasa, rage lokaci, da yin aiki sa'ad da hannu ya samu, su ne dai dalilan da kamfanonin ginin harhaɗawa na zamani suke kafa hujja da su.

Rumbu ma haka yake. Jinkarsa hula ce kawai, ana ɗage ta a shiga a ɗebo hatsi a mayar. Idan jikin rumbu ya lalace jinkar tana da sauran ƙarfi, sai a ɗora ta a kan wani.

Zana, rumfa da bukka

Bayan jinka sai zana. Idan ka je kasuwar ƙauye da rani, irin ta Sara a ƙasar Gwaram, za ka ga zana a naɗe ana ciniki. Wanda ya saƙa ta da gamba bai san gidan da za ta je ba. Mai saye ne zai yanke shawara ko katangar gida za ta zama, ko makewayi, ko rufin rumfa. Ka ga kenan bango ne da aka ƙera tun kafin a san ginin da za a yi da shi, ana sayar da shi ɗaiɗai, ana ɗaukarsa a ka ko a bayan jaki. Da dirka huɗu da 'yan sanduna da zana biyu, mutum ya samu rumfar sana'a kafin azahar.

Wannan tsari ya daɗe a kasuwanninmu. Baturen nan matafiyi Hugh Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya bayyana kasuwar birnin da rumfuna jere layi-layi, kowane irin kaya da ɓangarensa, kuma akwai shugaban kasuwa da ke ba da hayar rumfunan. Riƙe wannan a ranka, domin za mu dawo kansa: tun wancan lokaci ɗan kasuwa yana sana'a a filin da ba nasa ba.

Makiyaya su ma suna da nasu. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai tsofaffin zane-zanen shanu da masu bincike suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950, shaidar cewa masu dabbobi sun daɗe suna zama a wannan yanki. Wanda rayuwarsa ke bin ruwa da ciyawa ba zai zuba ƙarfinsa a ginin da ba ya motsi ba. Shi ya sa bukkar Fulani take da sauƙin kafawa da sauƙin bari. A can arewa kuma, wajen Agadez, Buzaye suna da tantin tabarmi da sanduna wanda ake kwancewa a ɗora wa dabba, kuma a al'adarsu tantin mallakin matar gida ne.

To ka ga ƙa'idar ta fito. Mutum yana komawa ga ginin harhaɗawa ne idan ɗaya daga cikin abu uku ya same shi: lokaci ya ƙure, ko wurin ba nasa ba ne, ko kayan gini da magina suna nesa.

Yadda aka haifi kwanon rufi

Waɗannan dalilai uku su ne suka tura Ingila ga wannan dabara a ƙarni na 19, sai dai su da ƙarfe suka yi. A 1829 wani injiniya mai suna Henry Robinson Palmer, wanda ke aiki da kamfanin tashar jiragen ruwa ta Landan, ya yi rajistar fallen ƙarfe mai tudu da kwari. Rumfunan ajiye kaya yake son rufewa da abu mara nauyi. Idan kana son ganin sirrin, ɗauki takarda ka riƙe ta a gefe ɗaya, za ta lanƙwashe. Ninke ta gaba da baya kamar mafici ka sake riƙewa, za ka ga ta tsaya har tana ɗaukar biro. Takardar ba ta ƙara kauri ba, siffarta ce ta ba ta ƙarfi. Haka kwanon rufi yake.

Saura matsalar tsatsa. A 1837 wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe a narkakken zinki, wanda ake kira tutiya. Zinkin yana raba ƙarfe da ruwa da iska, kuma ko an karce shi, zinkin da ke kewaye ne ke fara cinyewa kafin ƙarfen. Da aka haɗa dabarun nan biyu sai aka samu rufi mara nauyi, mai jure ruwa, wanda ake jera ɗaruruwansa a ɗan wuri kaɗan cikin jirgin ruwa.

A shekarun 1830 ɗin nan ne kuma wani kafinta a Landan, Henry Manning, ya riƙa sayar da ƙananan gidajen katako a kwance ga masu ƙaura zuwa Ostireliya. An yanke kowane katako daidai awo, mai saye zai haɗa da kansa idan ya sauka. A 1851 Joseph Paxton ya nuna iyakar abin da tsarin zai iya, da ya tayar da katafaren zauren baje kolin nan na ƙarfe da gilashi a Landan, Crystal Palace, mai tsawon sama da mita 560, cikin 'yan watanni. Bayan an gama bikin aka kwance shi aka sake kafa shi a wata unguwa. A 1855, lokacin yaƙin Kirimiya, injiniya Isambard Kingdom Brunel ya tsara asibiti mai gado 1,000, aka ƙera a Ingila aka kai Renkioi a ƙasar Turkiyya aka haɗa. Abin lura a asibitin nan shi ne an tsara hanyar shigar iska da fitar ƙazanta tun a kan takarda, kafin a yanke katako ko ɗaya.

Da mota ta yawaita a farkon ƙarni na 20, sai ga buƙatar ɗakin ajiye ta. Kamfanoni suka shiga sayar da gareji a kwance. A Amurka kamfanin Sears ya riƙa aika gidaje da gareji ta jirgin ƙasa, mutum ya zaɓa a littafin talla, kuma tsakanin 1908 da 1940 ya sayar da gidaje kusan 70,000 ta wannan hanya. Mu da kalmar gareji ta iso mana sai ta ƙara ma'ana, ta zama wurin bakanike, wanda shi ma galibi rumfar kwano ce a filin aro.

Daga bakin teku zuwa Kano

A ƙasar da ta zama Najeriya, ginin ƙarfe ta ruwa ya fara shigowa. A 1843 wani maƙerin Liverpool mai suna William Laycock ya ƙera wa Sarki Eyamba na Kalaba gidan bene na ƙarfe, aka kafa shi a can Liverpool mutane suka yi kallo, sannan aka kwance aka yi lodinsa a jirgi. A 1884 aka kawo wani ginin da aka ƙera a Birtaniya aka kafa a Kalaba ya zama mazaunin jami'an Ingila. Yana nan har yau, an mai da shi gidan tarihi.

Da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900, irin waɗannan gidaje na katako da kwano aka riƙa kawowa ta kogin Kwara ana haɗawa. Sun dace da gwamnatin da ba ta zauna wuri ɗaya ba, domin hedikwatar ta koma Zungeru a 1902, daga baya kuma ta koma Kaduna. Har ƙaramar gadar ƙarfe da aka kafa a Zungeru a 1904 sai da aka kwance ta aka kai Kaduna, inda take har yanzu.

Ka lura da siffar waɗannan gidaje idan ka samu ganin hotonsu. An ɗaga su daga ƙasa a kan ginshiƙai, saboda gara da danshi. An zagaye su da baranda mai faɗi don kada rana ta bugi bango. Rufin yana da tsayi, akwai sili a ƙarƙashinsa, tagogi kuma suna fuskantar juna. Waɗanda suka ƙera su sun san kwano tsirara a ƙasar zafi azaba ne.

Amma da Turawa suka ci Kano a 1903 sai lissafi ya canza. Kano tana nesa da kogin da jirgi ke bi, duk abin da za a kawo sai a kan ɗan dako, wanda kayansa ba sa wuce kilo 25 zuwa 30, ko a bayan dabba. Ga kuma magina a gari da suka gaji aikin tubali da azara da makuba. Sai Turawan suka koma ga ginin ƙasa. Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda Hanns Vischer ya zauna, na ƙasa ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ma da ƙasa aka gina ta. Inda magini da kayan aiki suke kusa, ginin da aka yo odarsa daga Ingila bai da riba.

Yadda kwano ya iso kudancin Jigawa

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Jirgin da ke tafiya da gyaɗa da fata shi ne ke dawowa da atamfa da gishiri da kananzir da kwanon rufi. Sai dai Birnin Kudu da Gwaram ba su samu dogo ba. Reshen da ya tafi Nguru, wanda aka kammala a 1930, ta arewa ya bi, ta Ringim da Malam Madori. Wanda ya tafi Maiduguri a farkon shekarun 1960 kuma ta kudu ya bi, ta Bauchi da Gombe. Wannan yanki ya zauna a tsakiya, sama da kilomita 100 daga Kano, yana jiran jaki da babbar mota. Shi ya sa titi ne ya yi wa yankin abin da dogo ya yi wa wasu garuruwa, kuma har yau a bakin titi ne ƙananan gine-ginen ƙarfe suka fi taruwa.

Kafin talaka ya iya sayen kwano sabo, da ragowar kayan kanti ya fara. Garwar kananzir idan ta ƙare sai a fasa ta a daddale, a buga a jikin katako ta zama ƙyaure ko taga. Ƙyauren nan shi ma a kasuwa ake ƙera shi, a saya a kai gida a kafa. Sannu a hankali rufin kwano ya zama alamar samu. Idan aka ce wane ya yi kwano, kowa ya san an samu amfanin gona ko fatauci ya karɓa.

Kada ka ɗauka burga ce kawai ta sa mutane suka bar jinka. Gobara ɗaya da iskar hunturu tana iya cinye unguwa guda ta ɗakunan ciyawa, har da rumbunan. Gara tana cin tsaiko. Baibaya tana son sabuntawa bayan 'yan shekaru, ga shi gonaki sun ci dajin da ake yankan ciyawa, ga matasan da za su ɗaga jinka sun tafi ci-rani. Kwano kuwa ka buga sau ɗaya ka huta shekaru. Duk wanda ya taɓa kwana yana tare yoyo da kwarya ba zai zargi wanda ya sauya ba.

Kwantena, kes da filin da ba naka ba

Mataki na gaba daga teku ya sake fitowa. Ranar 26 ga Afrilu 1956 wani ɗan kasuwar sufuri a Amurka, Malcom McLean, ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa mai suna Ideal X daga Newark zuwa Houston. Daga nan aka daidaita awon kwantena a duniya: faɗi ƙafa 8, tsawo ƙafa 20 ko 40. Mai ƙafa 20 tana da nauyin sama da tan 2 ba komai a ciki. Ƙasa irin tamu, wadda kayan da take shigowa da su a kwantena suka fi waɗanda take fitarwa, dole tsofaffin kwantenoni su taru mata. Sai aka yanka musu ƙofa da taga suka zama shago da ofis da sito.

A gefe guda kuma kamfanonin gina hanyoyi, tun zamanin arzikin man fetur na shekarun 1970, suna tafe da ofisoshinsu da ake saukewa daga mota. Sunan da ake kiransu da shi, Portakabin, na wani kamfanin Ingila ne da ya fara yin su a 1961.

Kwantena ta gaske tana da tsada, kuma sai da babbar mota. Sai masu waldarmu suka kwaikwayi siffar da bututun ƙarfe da fallen ƙarfe, suka yi daidai aljihun mai saye. Su ma sunan kwantena ake kiransu, ƙananan kuma a ce kes. Idan ka auna za ka ga sau da yawa awonsu yana bin ƙafa 4 da ƙafa 8, domin fallen ƙarfe da falankin sili a awon ƙafa 4 da 8 suke zuwa, mai walda kuma ba ya son asarar yanki.

Abu biyu suka ƙara wa wannan sana'a kasuwa. Na farko wayar salula da ta shigo a 2001, ta haifar da masu sayar da kati da masu cajin waya. Na biyu harkar wakilan banki, wadda Babban Bankin Najeriya ya fitar wa ƙa'idoji a 2013, ta kuma bunƙasa sosai lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023. A garin da reshen banki ke da nisa, kes ɗin mai POS shi ne bankin.

Yanzu koma ga rumfunan hayar da Clapperton ya gani. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, gefen titi kuma hukuma tana iya buƙatarsa kowace rana. Saurayin da ya haɗa jarinsa da kuɗin ci-rani ba shi da fili a bakin kasuwa. Aro zai yi ko haya. Idan ya yi ginin bulo aka ce ya tashi, ya yi asarar komai. Idan kes ne, sai ya kira abokai shida su ɗaga su ɗora a mota. Idan sana'ar ta ƙi, ya sayar da kes ɗin ya mai da wani abu. Wato kes shago ne kuma ajiya ce. Har yanzu dai hannu ɗaya ba ya ɗaukarsa.

Abin da muka bari a baya

Matsalar ita ce mun ɗauki ƙarfen, mun bar dabarun da ke sa a iya zama a cikinsa. Fara da zafi. Ƙarfe yana wuce da zafi fiye da ƙasar gini sau hamsin ko fiye, ga shi falle ne siriri. Jinka cike take da iska a tsakanin ciyawa, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta wuce da zafi sosai, kuma iska mai zafi da ta tashi sama tana samun hanyar fita. Bangon ƙasa mai kauri shi kuma yana riƙe zafin rana sa'o'i kafin ya kai ciki. Kes ba shi da ko ɗaya. A watan Afrilu, lokacin da zafin wannan yanki ke haura digiri 40 a inuwa, fallen ƙarfe da ke cikin rana yana iya wuce digiri 60, ya riƙa feso zafin a kan wanda ke zaune a ƙarƙashinsa.

Abin bai tsaya ga gumi ba. Ɗauki kwalin magani a gidanka ka karanta, za ka ga da yawa an rubuta a ajiye su a ƙasa da digiri 30, wasu ma 25. Zafi yana gaggauta lalacewar sinadarai. Maganin da ya yi watanni a kwantenar da ba ta da sili yana iya rasa ƙarfinsa alhali ranar da aka buga a jikinsa ba ta cika ba. Irin shuka ma haka, zafi yana rage masa tsiro. Batirin waya da na sola su ma zafi yana rage musu kwana.

Sai iska. Guguwar farkon damina idan ta bi ta saman rufi mai faɗi da gudu, matsin iskar da ke sama yana raguwa, na cikin ɗaki ya rinjaye shi, sai rufin ya nemi tashi. Ƙarfin wannan ɗagawa yana ninkuwa huɗu duk sa'ad da gudun iska ya ninku biyu, kuma daga kusurwa da baki yake fara ɓanɓarewa. Jinka zagayayya ce mai gangara, iska tana zamewa ta gefenta ko daga ina ta taso. Kes kuwa akwati ne mara nauyi da aka ajiye a kan duwatsu huɗu. Fallen kwano da iska ta tsinke kuma wuƙa ce mai tashi.

Gyaran duk waɗannan yana cikin tarihin da muka bi, kuma yawancinsa bai kai kuɗin kes ɗin ba. Idan kana da shi ko za ka yi oda, ka sa a yi masa rufi na biyu, na zana ko na kwano, da tazarar kamar taƙi ɗaya ko biyu a tsakani don iska ta ratsa. Ka shafa masa farin fenti a waje, domin fari yana mai da hasken rana baƙi kuma yana shanye shi. Ka sa mai walda ya buɗe kafa biyu masu raga, ɗaya a ƙasa ɗaya can sama a bangon da ke fuskantarta. A sa sili ko da na falanki ne. A ɗaga shi daga ƙasa don kada gindin ya yi tsatsa, amma a ɗaure ƙafafunsa da ƙarfen da aka binne da siminti, irin wanda ake kwancewa da sifana ranar tashi. Idan akwai wutar lantarki a ciki, a haɗa jikin ƙarfen da sandar da aka kafa a ƙasa, saboda waya ɗaya da ta goge da damina tana iya sa duk jikin shagon ya riƙa ja.

Wasu sun riga sun gano wannan da kansu. Nan gaba idan ka tsaya a Babaldu ko ka shiga kasuwar Sara da rana tsaka, ka duba shagon da mutane suka fi zama a bakinsa. Sau da yawa za ka tarar kes ne na ƙarfe da aka jingina wa rumfar zana, ko aka ajiye a gindin darbejiya. Mai shi ya sayi ƙarfe saboda ɓarawo da gobara, ya kuma sayi zana saboda rana. Ka tambaye shi nawa zanar ta ci masa, sannan ka taɓa jikin kes ɗinsa ka taɓa na maƙwabcinsa da ke tsaye a rana.